Thomas Jefferson: mai Alƙur'ani a ɗakin karatu, mai bayi 600 a gona

Mai Shago a Zangon Kumasi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare wani ɗan'uwa ya turo mini saƙo a WhatsApp cewa shugaban Amurka na uku, Thomas Jefferson, Musulmi ne a ɓoye. Wai yana da Alƙur'ani a gidansa, kuma shi ne ya fara shirya buɗa-baki a fadar shugaban ƙasarsu. Na ji daɗin labarin ƙwarai, amma ban so in tura wa kowa ba sai na tambayi masu ilimi. Malam, don Allah mene ne gaskiyar wannan magana?

Malam Bazazzagi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Madalla da ka tambaya kafin ka yaɗa. A cikin saƙon akwai gaskiya guda biyu da ƙarya guda ɗaya.

Maganar Alƙur'ani haka take. A 1765, yana saurayi mai karatun lauya a garin Williamsburg na jihar Virginia, ya sayi fassarar Turanci ta wani Bature mai suna George Sale, juzu'i biyu. Har yau tana nan a babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka, domin a 1815 ya sayar wa majalisar littattafansa 6,487 bayan sojojin Ingila sun ƙone nata a 1814. Da wannan fassarar ce Keith Ellison, Musulmin farko da aka zaɓa a majalisar, ya yi bikin rantsuwarsa a Janairun 2007.

Maganar abinci ma ta faru. Ranar 9 ga Disamba 1805 ya gayyaci jakadan Tunusiya, Sulaiman Mellimelli, kuma da yake watan azumi ne sai aka ɗaga lokacin cin abincin daga ƙarfe uku da rabi na yamma zuwa faɗuwar rana. Karamci ne ga baƙo, kuma baƙon ya zo ne a kan rikicin jiragen ruwan ƙasarsa da Amurka ta kama.

Amma Musulunci, a'a, bai taɓa karɓa ba. Mutum ne da ya yarda akwai Mahalicci, yake girmama koyarwar Annabi Isa a kan ɗabi'a, amma bai yarda da mu'ujiza ba. Har reza ya sa ya yanke wuraren mu'ujiza daga Linjila ya haɗa abin da ya rage. Wanda ya yi haka ba zai karɓi wahayi irin yadda muka karɓa ba.

Lauya Bakano:
Malam ya faɗi daidai. Ni dai ina ganin abin da ya kamata Musulmi ya riƙe game da mutumin nan ya fi wannan saƙon girma. A 1777 ya rubuta dokar 'yancin addini ta Virginia, aka amince da ita a 1786. Kafin nan ana karɓar haraji a hannun kowa a biya limaman cocin Ingila, ko kana bin cocin ko ba ka bi. Dokar ta ce ba za a tilasta wa kowa addini ba, kuma ba za a rage wa kowa haƙƙi saboda aƙidarsa ba. Da ya tsufa ya rubuta da hannunsa cewa kariyar ta haɗa da Bayahude da Kirista da Musulmi da ɗan Hindu. Duk masallacin da ke tsaye a Amurka yau yana cin inuwar wannan tunani. Ku dubi kabarinsa ma: abu uku ya ce a rubuta, wato shi ne marubucin takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776, marubucin wannan doka, da uban Jami'ar Virginia. Ko shugabancin ƙasa na shekara takwas bai sa a ciki ba.

Hajiya Bakatsiniya:
Lauya, ɗana, na karanta abin da ka rubuta sau biyu. Akwai abu na huɗu da bai sa a kan kabarin ba, kai ma ba ka ambata ba. Mutumin da ya rubuta cewa dukkan mutane daidai aka halicce su ya mallaki 'yan Adam sama da 600 a tsawon rayuwarsa. Biyu ya 'yanta yana raye, biyar a wasiyya. Sauran fa? Wata shida bayan rasuwarsa, a Janairun 1827, aka yi gwanjonsu tare da kujeru da dabbobin gona, mutum 130. Shekara talatin na yi ina koyar da yara, kuma ban taɓa iya karanta wannan wurin ba tare da zuciyata ta yi nauyi ba. 'Yancin addinin da kake yabo, wa ya samu? Cikin waɗanda aka kwaso daga Afirka ta Yamma akwai Musulmi masu karatu da rubutu. Umar ɗan Sa'id, mutumin Futa Toro, an sauke shi a Charleston a 1807, Jefferson na kan mulki, kuma ya mutu yana bawa bayan ya rubuta tarihin kansa da Larabci. Shi wace doka ta kare shi?

Lauya Bakano:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Amma a yi wa mutum adalci da zamaninsa. An haife shi a 1743 cikin gidan masu bayi, ya buɗe ido ya tarar da abin. Duk da haka, a rubutun farko na takardar 1776 ya sa sakin layi guda yana la'antar cinikin bayi, 'yan majalisa suka cire. A 1784 ya kawo shawarar a hana bauta a sabbin yankunan yamma daga shekarar 1800, aka kayar da ita da ƙuri'a ɗaya tak. Kuma shi ne ya sa hannu a dokar Maris 1807 wadda ta haramta shigo da bayi daga waje tun daga 1 ga Janairu 1808. Ga kuma bashi. Da surukinsa John Wayles ya rasu a 1773, ya gaji ƙasa da bayi 135, ya kuma gaji bashi mai nauyi. Ya mutu ana binsa sama da dala 100,000. A dokar wurin bawa dukiya ce, masu bin bashi suna da ikon kama shi. Ko ya so ya sake su duka, hannunsa a ɗaure yake.

'Yar Jami'a:
Yaya Lauya, ina da tambaya. Bashin nan daga ina ya ƙaru? Na ga hotunan gidansa na Monticello a kan tudu. An ce shekara kusan arba'in yana ginawa yana rushewa yana sakewa.

Malam Bazazzagi:
Ƙanwata, kin taɓa inda ciwon yake. Wani ɓangare gado ne, wani faɗuwar farashin amfanin gona, wani kuma lamunin da ya tsaya wa aboki ya faɗo masa a ka. Amma babban ɓangare rayuwar da ya zaɓa ce: giyar Faransa, littattafai, kayan ɗaki da ya ɗebo akwati-akwati daga Paris, da ginin da ba ya ƙarewa.

Lauya, hujjar "zamaninsa" ita ce nake so mu tsaya a kanta, domin ita ake kawowa kullum, kuma a ganina ba ta riƙe ruwa a nan. Zamanin nasa yana da mutane, mu duba abin da suka yi. Tun 1782 dokar Virginia ta ba mai bawa damar ya 'yanta shi. Robert Carter, attajiri ne a jihar, a 1791 ya shigar da takarda kotu ya fara sakin bayinsa sama da 450. George Washington, shugaban Amurka na farko, da ya rasu a 1799, ya bar wasiyyar a 'yanta mutum 123 da suke mallakinsa. Waɗannan ba baƙi ba ne daga wata duniya, maƙwabtansa ne, ya san su.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Edward Coles. Saurayi ne ɗan yankinsu, sakataren Shugaba Madison. A 1814 ya rubuta wa Jefferson wasiƙa yana roƙonsa ya yi amfani da girmansa ya jagoranci yaƙi da bauta. Dattijon ya amsa cewa shi ya tsufa, aikin na matasa ne, har ya shawarce shi ya zauna a Virginia ya ci gaba da kula da bayinsa. Coles bai bi shawarar ba. A 1819 ya kwashi mutanensa suka nufi Illinois, a kan kogin Ohio ya sanar da su sun zama 'ya'ya, ya ba kowane magidanci eka 160, daga baya ya zama gwamnan jihar. Yaro ya yi abin da uba ya ce ba ya yiwuwa.

Kuma Jefferson ya sani. Shi ya rubuta cewa jikinsa na rawa saboda ƙasarsa idan ya tuna Allah mai adalci ne. A 1820 ya kwatanta bauta da riƙe kyarkeci a kunne, ba ka iya ci gaba da riƙewa, ba ka iya saki. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Wannan ya sani, ya rubuta da kyakkyawan alƙalami, sannan ya koma ya duba littafin lissafin maƙerarsa inda yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 suke buga ƙusa tun safe, yana auna ƙarfen da kowane yaro ya ɓarnatar.

Lauya Bakano:
Labarin Coles ya yi mini nauyi, Malam, na karɓa. Amma ka bar ni da wannan: kalmar ta fi mai ita tsawon rai. Tun yana raye, a 1791, wani baƙar fata ɗan asalin Maryland mai ilimin taurari, Benjamin Banneker, ya aiko masa da lissafinsa da wasiƙa yana tuna masa da kalmominsa na 1776. Frederick Douglass, tsohon bawa mai yaƙi da bauta, ya ɗaga su a 1852, Shugaba Lincoln a 1863, Martin Luther King a 1963. Da bai rubuta ba, da wace sanda za su doki ƙasar? Ga zaɓen 1800 kuma. Jam'iyya mai mulki ta faɗi, aka yi kunnen doki tsakaninsa da Aaron Burr, ɗan jam'iyyarsu, ƙuri'a 73 kowanne, majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin ya fito, John Adams, shugaban da ke kan mulki, ya tattara kayansa ya bar fadar ba tare da an harba bindiga ba. Mu da muka ga abin da juyin mulki ya yi mana mun san darajar wannan.

Ɗan Maraɗi:
Barkanku da hira. Ni abin da ya ja hankalina shekarun ne. Jefferson ya hau a Maris 1801 ya sauka a 1809. Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808. Ashe lokaci guda ne. Kuma yaƙin farko da ya tura jiragen Amurka shi ne da Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, daga 1801 zuwa 1805, a kan kuɗin da ake karɓa kafin a bar jirage su wuce teku. Tarabulus ɗin nan ita ce bakin hanyar ayarin da ke ratsa Fezzan zuwa Borno da Kano. Daga nan ne Clapperton, Baturen Birtaniya mai yawon bincike, ya taso har ya iso Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello a 1824. To me ayarin nan ke ɗauka zuwa arewa ban da fata da hauren giwa? Mutane. Laifi tudu ne. Kafin mu gama da Baturen Virginia, mu tuna muna da rinji, muna da cucanawa, muna da kalmar murgu a bakinmu.

Mai Shago a Zangon Kumasi:
Haba ɗan'uwa, bautarmu ai ba irin tasu ba ce. A wurinmu bawa na iya zama babban bafade, har ya fi ɗa ƙarfi a fada.

Hajiya Bakatsiniya:
Alhaji, akwai bambanci, amma kada mu yi saurin fakewa a bayansa. Bayin sarki masu riƙe da sarauta 'yan kaɗan ne. Mafi yawa suna rinji suna noma, kuma wadda aka kama a hari aka raba ta da ɗanta, kukanta ɗaya ne ko a Virginia ko a nan.

Tunda an zo nan, bari in kawo maganar da maza suka kewaye, wato Sally Hemings. Matar Jefferson, Martha, ta rasu a 1782. Sally baiwa ce a gidan, kuma 'yar John Wayles ce, uban Martha, wato ƙanwar matarsa ce uba ɗaya. A 1787 aka tura ta Paris, inda Jefferson yake jakadan Amurka, ta raka ƙaramar 'yarsa, ita Sally tana da shekara 14, shi yana da 44. Ta haifi 'ya'ya shida, huɗu suka girma. Ɗanta Madison ya ba da labari a wata jaridar Ohio a 1873 cewa a Faransa tana iya neman 'yancinta, ba ta so komawa ba, sai da ya yi mata alkawarin zai saki 'ya'yanta in sun kai shekara 21. Kusan shekara ɗari biyu manyan masana suna cewa ƙage ne, maganar bayi ce. A 1998 gwajin ƙwayar halitta ya nuna jinin gidan Jefferson a zuriyar ɗanta Eston, a 2000 kuma gidauniyar da ke kula da Monticello ta ce hujjoji sun nuna shi ne uban.

Ga inda bambancin yake, Alhaji. A shari'armu ɗan ƙwarƙwara ɗa ne tun ranar haihuwa, ana raɗa masa suna, yana cin gado, sarakuna nawa ne a ƙasar Hausa 'ya'yan sa-ɗaka? Uwar kuma ba a sayar da ita, in maigida ya rasu ta zama 'ya. A Virginia dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Don haka 'ya'yan cikinsa a littafin gonarsa aka rubuta su, cikin jerin bayi, tare da rabon abinci da tufafi. Bai taɓa kiransu nasa a fili ba. Beverly da Harriet ya bari suka tafi a 1822 ba takarda, Madison da Eston ya saki a wasiyya. Ita Sally ko a wasiyyar ba ta shiga ba, 'yarsa ce ta bar ta ta tafi daga baya. Wannan gaskiya ne, tamu dokar ta fi tausayin ɗan. Amma yarinyar da ba ta da ikon cewa a'a, a can da nan duk ba a tambaye ta ba.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, Allah ya saka. Kuma ba tsohon labari ba ne a wurinmu. A Nijar sai 2003 aka sa hukuncin bauta a dokar laifuka, a 2008 kotun ECOWAS ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana da shekara 12. A Arewacin Najeriya ma sai 1936 aka soke abin gaba ɗaya a doka.

'Yar Jami'a:
Mama, na gode da kika faɗe ta a fili. Akwai abin da malaminmu ya ce wanda ban gane ba sosai, wai Haiti ce ta ba Amurka Louisiana. Ta yaya?

Malam Bazazzagi:
Napoleon, mai mulkin Faransa, ya so ya mayar da bauta a tsibirin da yanzu ake kira Haiti, Louisiana kuma, wato babban yankin da Faransa ke riƙe da shi a yammacin Amurka ta lokacin, ta zama rumbun da zai ciyar da shi. Bayin da suka yi tawaye da zazzaɓin shawara suka cinye rundunarsa. Da tsibirin ya kuɓuce, rumbun ba shi da amfani, ga yaƙi da Ingila na tafe, sai ya sayar a 1803 a kan dala miliyan 15. Girman Amurka ya kusa ninkawa a rana ɗaya. Haiti ta yi shelar 'yanci a 1804, Jefferson ya ƙi amincewa da ita, kuma Amurka ba ta amince ba sai 1862. Ƙasar da aka saya kuwa ba fili ba ce babu kowa, akwai ƙabilun asali a ciki waɗanda ba a shawarta ba, kuma a cikinta aka buɗe sabbin jihohin bauta kamar Missouri da Arkansas. Dokar 1808 da Lauya ya ambata ta rufe teku, amma ta bar kasuwar cikin gida a buɗe, Virginia ta koma mai sayar da mutane zuwa gonakin auduga na kudu.

Lauya Bakano:
Ban janye yabon da na yi wa dokar addini da takardar 1776 ba, har gobe ina ganin duniya ta amfana. Abin da na janye shi ne cewa hannunsa a ɗaure yake. Da kansa ya ƙara igiyar.

Mai Shago a Zangon Kumasi:
Na shigo da murna zan fita da tunani. Saƙon dai ba zan tura ba, zan gaya wa ɗan'uwan abin da na ji a nan. Hajiya, mutum 130 ɗin da aka yi gwanjonsu, an san abin da ya same su?

Hajiya Bakatsiniya:
An san na wasu, Alhaji. Jefferson ya rasu ranar 4 ga Yuli 1826, rana ɗaya da John Adams, daidai cikar shekara 50 da shelar 'yanci, mutane suna ta mamakin wannan dacewa. Cikin biyar ɗin da wasiyya ta saki akwai Joseph Fossett, shugaban maƙeran gidan. Matarsa Edith ita ce babbar mai girki, wadda ta koyi girkin Faransa a fadar shugaban ƙasa lokacin mulkinsa. Wasiyyar ta saki mijin, ba ta ambaci matar da 'ya'yansu ba. Yana ji yana gani aka rarraba su ga masu saye daban-daban. Ya koma bakin maƙera yana tara kuɗi, shekara goma yana fansar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan suka ƙaura Ohio. Ɗansu Peter yana da shekara 11 ranar gwanjon. Wanda ya saye shi ya ƙi sayarwa, yaron ya gudu sau biyu ana kamo shi, bai samu kansa ba sai 1850, lokacin da dangi da abokan arziki suka haɗa kuɗi suka fanshe shi. Ya iske iyayensa a Cincinnati, daga baya ya zama limamin coci a can.